B.B. Singh da binciken wake: me ya bari, kuma nawa ne nasa a ciki?

Nasiru: Assalamu alaikum malamaina. Duk takardar da aka buɗe a kan inganta irin wake sai an ci karo da sunan B.B. Singh, wani lokaci sau biyar a shafi ɗaya. Har "Mista Wake" ake ce masa. Tambayata, mene ne ainihin abin da ya yi da hannunsa? Ko dai daɗewa ce kawai a kan kujera ta sa sunan ya cika ko'ina?

Dakta Lawal: Wa alaikumus salam. Bir Bahadur Singh ɗan Indiya ne. Ya yi digirin farko a jami'ar aikin gona ta Pantnagar, ya yi na biyu da na uku a jami'ar Ilinoyi ta Amurka a kan waken suya, ya koma Pantnagar yana fitar da irin waken suya. A 1979 ya shiga IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1967, ya zauna har 2006. Da aka buɗe tashar cibiyar a Kano a 1990 shi ya jagorance ta, gonar gwaji kuma tana Minjibir.

Amma idan tasirinsa kake nema, Nasiru, kada ka tsaya ƙirga takardu, bi lambobin iri. Ɗauki IT97K-499-35: IT na nufin IITA, 97 shekara ce, K kuma Kano. Wannan layin shi ne aka saki a Najeriya da sunan SAMPEA 10 a 2008, shi ne Songotra a Gana. Da masana a jami'ar Kalifoniya ta Ribasaid suka tashi karanta taswirar ƙwayoyin gadon wake gaba ɗaya, wadda aka wallafa a 2019, shi suka zaɓa. Da aka zo yin waken nan mai jure tsutsa, SAMPEA 20-T, cikinsa aka mayar da ƙwayar gadon ta hanyar barbara. Layi ɗaya ke nan.

Hajiya Rabi: Dakta, ka fara daga ƙarshe. Abin da ya fara fito da sunansa wake ɗan kwana sittin ne, layukan farkon shekarun 1980 irin su IT82E-60. Gajere ne, a miƙe yake, ba ya yaɗo, kwansonsa na nuna kusan lokaci guda, kuma bai damu da tsawon rana ba. Kanannado kuwa, waken gida, ko a watan Yuni ka shuka shi ba zai yi fure ba sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen Satumba, don haka in ruwa ya ɗauke da wuri sai ka tashi da ganye. Ɗan kwana sittin ya tsere wa wannan.

Sai dai a faɗi gaskiya, a Arewa bai samu karɓuwar da aka zata ba da farko. An ƙera shi ne don a shuka shi shi kaɗai, a cike gona, a yi feshi. Manomin Kano kuwa a ƙarƙashin gero da dawa yake saka wake, a gicci, kuma rabin lissafinsa na kan harawa ne. Ka ba shi waken da zai bushe a tsakiyar Agusta ana tafka ruwa, kwanso ya ruɓe, harawa babu, ai ka ba shi aiki ne.

Malam Garba: Nan ne nake ganin darajar mutumin, Hajiya. Da ya dawo Kano bai dage a kan cewa manomi ne bai gane ba. Ya juya akalar shirin zuwa wake mai amfani biyu, ƙwaya da harawa. Dabarar ita ce a ɗauki irin gida da manomi ya riga ya yarda da shi, a cire masa aibu, a bar masa kamanninsa. Uban da aka yi ta amfani da shi shi ne IT84S-2246-4, saboda ya tara juriyar darba da ƙwarin fure da ƙwaron rumbu. Daga irin wannan aiki aka samu IT89KD-288, wato SAMPEA 11, fari, babba, mai kaushin fata kamar Kanannado, kuma shi ma mai jin tsawon rana. Abin mamaki, inda ya fi yin suna noman rani ne, a wajen Bunkure. A shuka shi daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, ranaku gajeru ne, sai ya yi fure da wuri bai tsaya yaɗo ba, a cire kafin ruwan farko, lokacin da wake da harawa duk suke da tsada. IT90K-277-2 kuwa, SAMPEA 9, shi ne na damina mai amfani biyu.

Nasiru: To ta yaya ake "cire aibu"? Wake ai da kansa yake barbarar kansa.

Malama Zainab: Shi ya sa sai da hannu. Furen wake yana da namiji da mace a rufe cikin fure ɗaya, kuma garin namijin kan zuba tun kafin furen ya buɗe da asuba. Don haka da yamma ake zuwa, a nemi tohon da zai buɗe gobe: ya kumbura, korensa ya fara kwaɗewa zuwa fari-fari. A riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuni, a tsaga gefensa da bakin hantsaki, a cire kawunan namiji. Goma ne cif, a ƙirga su. In an bar ɗaya, duk abin da ya fito ba ɗan aure ba ne, uwar ce ta haifi kanta, kuma sai bayan wata biyu za a gane. A tsoma hantsakin a barasar asibiti kafin a taɓa wani tsiron. Da sassafe a tsinko buɗaɗɗen furen uban, a goga garinsa a kan gashin da ke bakin macen, a ɗaura ƙaramar takarda da sunan uwa da uba da kwanan wata. Sauran tohon da ke kan wannan sandar a cire su, in ba haka ba tsiron zai zubar da wanda aka ji wa ciwo ya riƙe lafiyayyu.

Abin da ke ɓata aikin: zafi da bushewar iska. A fili, lokacin zafi, yawancin furannin zubewa suke cikin kwana biyu. A rumfar raga mai danshi da sanyin dare an fi samun kamu. In bayan kwana uku kwanson ya fara tsawo, ya kama, kuma cikin mako uku ya nuna.

Daga nan lissafi ne. Zuriya ta farko rabi uwa rabi uba. Ka mayar da ita kan irin gida sau ɗaya, ka samu kashi 75 na irin gida, sau biyu 87.5, sau uku kusan 94. A kowane zagaye kana tace masu ɗauke da juriyar kawai.

Dakta Lawal: Tacewar nan ita ce gwanintarsa. Ku duba aikin wuta-wutar wake. Ba ita ce ta dawa ba. Ta dawa mai ganye ce, ta wake kuwa gajera ce, kusan ba ganye, ta fito a dunƙule a gindin wake, kuma kafin a gan ta a sama ta gama shan jinin saiwar. Akwai kuma 'yar uwarta mai furen rawaya, Alektira, wadda ta fi yawa a inda ruwa ya ɗan fi. A 1990 Singh da Farfesa A.M. Emechebe na IAR, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, suka nuna cewa juriyar wani waken Botsuwana mai lamba B301 ƙwayar gado ɗaya ce mai rinjaye, aka sa mata suna Rsg1. A zuriya ta biyu uku masu juriya, ɗaya mai kamuwa. Ta Alektira kuwa a jikin B301 ɗin ƙwayoyi biyu ne masu rinjaye, kowace ta isa ita kaɗai, shi ya sa rabon ke fitowa 15 da 1.

Yadda ake gwajin: a cika tukunya da yashi da ƙasa, a gauraya ɗaruruwan ƙwayoyin wuta-wuta a saman ƙasar, a yi ban ruwa mako ɗaya zuwa biyu kafin shuka, domin sai ƙwayar ta jiƙa cikin ɗumi take iya jin sinadarin da saiwar wake ke fitarwa. Irin wuta-wutar kuma ya zama ya kwana wasu watanni bayan girbi, sabo ba ya tsira. Wajen mako na biyar ko shida ta fara ɓullowa. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne su ƙirga abin da ya fito sama kawai. A'a, a mako na tara ko goma a juye tukunyar a bokitin ruwa, a wanke saiwar a hankali, a duba ƙulle-ƙullen da suka manne. Kuma dole a sa irin da aka san yana kamuwa a cikin gwajin. In shi ma bai kamu ba, gwajin ne ya mutu, ba wakenka ne ya yi juriya ba.

Abu Maryam: Ku yi haƙuri in ɗan taka birki. Ana neman a ɗora wa mutum ɗaya rawanin jama'a. B301 ba Singh ne ya gano shi ba. Charles Riches ne ya lura da juriyarsa ga Alektira a Botsuwana, su Chris Parker a Long Ashton ta Ingila suka gwada shi da wuta-wutar Afirka ta Yamma. Suvita-2 daga Burkina Faso ya fito, aikin V.D. Aggarwal da abokansa a kan waken Gorom-Gorom. Gwajin ƙwari aikin su S.R. Singh ne, wani Singh ɗin daban, masanin ƙwari, kuma mutane da yawa na haɗa su a ambato. Rumbun iri na Ibadan mai nau'in wake wajen 15,000, waɗanda lambarsu ke farawa da TVu, wasu ne suka yi yawon tattara shi. Kanannado da Ɗan Ila kuwa manoman da ba a san sunansu ba ne suka tace su shekara da shekaru. Irin da aka saki a hukumance ma a Najeriya da sunan SAMPEA ta hannun IAR suka bi, daga Samaru sunan ya fito.

Dakta Lawal: Ba wanda ya musa, Abu Maryam, kuma takardun da kansu suna ɗauke da sunayen nan. Amma B301 a yadda aka same shi, wa zai saya? Ƙwaya ce ƙanana, ba kalar kasuwar Dawanau ba. Tsakanin "an gano juriya" da "ga farin wake mai juriya a buhu" akwai shekaru fiye da goma na barbara da tacewa. Layukan farko, IT90K-59 da IT90K-76, sun samu juriyar, amma sai da aka kai ga su IT97K-499-35, daga baya IT99K-573-1-1 da IT99K-573-2-1, wato SAMPEA 14 da 15 na 2011, kafin a ce an haɗa juriya da ƙwayar da ido zai so.

Ka yi lissafin da kanka. Kana son tsiron da ya tsarkaka a juriyar wuta-wuta, ɗaya cikin 4. Ta darba, ita ma ƙwaya ɗaya mai rinjaye, ɗaya cikin 4. Ta ƙwaron rumbu daga TVu 2027 ƙwayoyi biyu ne masu ɓuya, ɗaya cikin 16. Haɗa su: ɗaya cikin 256 a zuriya ta biyu. Ba a zo maganar girman ƙwaya da launi da kaushin fata da kwanakin nuna ba. Wanda ya riƙe wannan shekara 27 bai saki ba, ai ba zaman kujera ya yi ba.

Malama Zainab: Ƙarin bayani a kan launi, don yana rikita masu farawa: fatar ƙwaya naman uwa ce. Ƙwayar da ka cire daga kwanson da ka yi wa barbara za ta fito da kalar uwa sak. Wadda tsiron zuriya ta farko ya haifa duk kala ɗaya ce. Rarrabuwar kala sai a ƙwayoyin da tsirran zuriya ta biyu suka haifa. Kullum fata na baya da zuriya ɗaya.

Hajiya Rabi: Ni abin da nake ƙalubalanta dogaro da ƙwayar gado ɗaya ne. Yana da sauƙin aiki, amma yana da sauƙin karyewa. Juriyar darba da aka yi alfahari da ita a shekarun 1980 yanzu a wurare da dama ba ta riƙe komai, darbar ta sauya. Wuta-wutar wake ma jinsi-jinsi ce: SG1 a Burkina Faso, SG2 a Mali, SG3 a Najeriya da Nijar, SG4 a Binin, SG5 a Kamaru, SG6 a Sanagal. B301 da ake ganin ya gagari kowa, a Zakpota ta Jamhuriyar Binin aka samu wadda ta ci shi, aka kira ta SG4z. Suvita-2 yana tsayawa a Burkina, a kawo shi Kano ya faɗi. Juriyar ƙwaron rumbu kuwa jinkiri ce kawai: ƙwaron ya daɗe bai fito ba, kuma kaɗan ke fitowa, amma bayan 'yan watanni ya cim ma buhun. Abin da ya magance ajiya a aikace buhun PICS ne na jami'ar Purdue, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, a ɗaure kowace daban, iska ta ƙare ƙwaron ya mutu.

Abu Maryam: Ga kuma tsutsar Maruka, mai cin fure ta huda kwanso. An tace dubban nau'o'i ba a samu juriyar kirki ba. Akwai ta a wani ɗan uwan wake na daji, Vigna vexillata, amma ya ƙi barbaruwa da wake. Hanyar Singh a nan ta tsaya. Sai da aka ɗauko ƙwayar Cry1Ab daga ƙwayar cutar ƙasa ta Bt, su T.J. Higgins a cibiyar binciken kimiyya ta CSIRO ta Ostireliya suka shigar da ita cikin wake, Farfesa Mohammad Ishiyaku da tawagarsa a Samaru suka yi barbarar mayarwa da gwaje-gwaje, aka saki SAMPEA 20-T a Disambar 2019.

Malam Garba: Haka ne, amma a gaya wa manomi gaskiya: feshi ya ragu ne zuwa kamar biyu, bai ƙare ba. Bt ba ruwansa da ƙwarin fure, da darba, da masu tsotse kwanso. Wanda ya ji an ce "ba ya buƙatar magani" ya bar gona, zai tarar da kwanso a shanye.

Nasiru: Na ga ana yawan ambaton "akwatin katako" a gwajin fari. Shi ma nasa ne?

Dakta Lawal: Nasa ne da abokan aikinsa Mai-Kodomi da Terao, 1999. Kuma shi ne ya fi nuna irin tunaninsa. Gwada juriyar fari a gona caca ce: ruwa na iya sauka a tsakiyar gwaji, kuma mai dogon saiwa zai rinjayi kowa ko da ganyensa ba ya jure komai. Sai suka ƙera akwati mai tsawon santimita 130, faɗi 65, zurfi 15, aka shimfiɗa leda, aka zuba yashi da ƙasar sama rabi da rabi zuwa kamar santimita 12. A daidaita saman sosai, don in akwai gangare gefe ɗaya zai fi riƙe ruwa ya yi maka ƙarya. Kowane iri layi ɗaya a faɗin akwatin. A yi ta ban ruwa har ganye mai uku na farko ya fara fitowa, sai a yanke ruwa, a riƙa ƙirga waɗanda suka yi yaushin da ba dawowa kullum. Idan mai rauni, kamar TVu 7778, ya mutu duka, a dawo da ruwa a ga wa zai farfaɗo. Da yake zurfin ɗaya ne ga kowa, saiwa ta fita daga lissafi.

A nan suka ga juriya iri biyu. TVu 11986 da TVu 11979 tsayawa suke cak, su daina girma, su riƙe ruwan jikinsu. Ɗan Ila da Kanannado kuwa sai su sadaukar da ganyen ƙasa, su janye ruwansa zuwa toho, su ci gaba da girma a hankali, kuma su suka fi daɗewa a raye. Kafinta da yashi kawai, kuma tsiron da ya tsira kana iya cire shi ka dasa ya ba ka iri.

Hajiya Rabi: Da sharaɗi: juriyar ƙuruciya yake aunawa. Farin da ke zuwa lokacin fure da cikar kwanso wani abu ne daban, sai an koma gona.

Malam Garba: Kada a manta da tsarin shuka, don iri kaɗai bai isa ba. A gicci wake na zaune a inuwa, tsirrai kaɗan, ba taki ba feshi, abin da ake samu 'yan ɗaruruwan kilo ne a hekta in an yi sa'a. Tsarin da su Singh suka gwada tare da cibiyoyin bincike na ILRI (ta dabbobi) da ICRISAT (ta amfanin gonar yankunan fari) a ƙauyukan Kano irin su Bichi shi ne layi biyu na dawa ko masara, layi huɗu na wake. Kunya santimita 75, ramin wake kowane santimita 20, tsiro biyu a rami. Buhu biyu na NPK 15-15-15 a hekta da takin gargajiya a farko, yuriya kuma ga hatsin kaɗai. Ka zuba wa wake yuriya, ganye zai yi ta yi ya manta da fure. Feshi biyu zuwa uku a kan layukan waken kawai: da fitowar toho, da cikar fure, da kama kwanso. Mai feshi na tafiya a fili ba ya kutsawa cikin dawa. Da ɗan gajeren zango ma ana iya cire wake a sake shuka wani a layukan kafin damina ta ƙare. Badi kuma a musanya, hatsi ya hau inda wake ya tashi.

Inda ake samun tirjiya: kashi biyu cikin uku na gonar ya koma wake, maigida kuwa rumbun hatsi yake fara kallo. Kuma in ba kuɗin magani a lokacin fure, asarar ta fi ta gicci zafi.

Abu Maryam: To a kan tasirin ilimi na sauko kaɗan. A Ribasaid sun haɗa iyaye takwas suka yi babbar zuriyar bincike da ake kira MAGIC, shida daga cikinsu layukan IITA ne, har da IT89KD-288 da IT84S-2246. Ƙwayar juriyar B301 ga SG3 kuma su Michael Timko na jami'ar Bajiniya suka ware ta a 2009. Duk masu aikin alamomin DNA a kan kayan da aka tace da tukunya da akwati suke tsaye. Bayan ritaya ma ya kai ɗan kwana sittin arewacin Indiya, a tazarar da ke tsakanin girbin alkama a Afrilu da dashen shinkafa a Yuli, da sunan Pant Lobia, ya kuma rubuta littafi a kan wake da ya fito a 2014. Abin dariya, irin da Kano ta yi wa kallon hadarin kaji can ya samu gurbin da ya dace da shi.

Nasiru: Na gode ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe, Malama Zainab: in ina son in gwada rabon 3 da 1 na wuta-wuta, tsirrai nawa zan shuka a zuriya ta biyu?

Malama Zainab: Kada ka yi ƙasa da 100, in da hali 150, tsiro ɗaya a tukunya ɗaya don saiwoyi kada su cakuɗe. Ka sa iyayen biyu da zuriya ta farko, tukunya goma-goma. Ka rubuta garin da aka tattaro irin wuta-wutar da shekarar, don sakamakonka na wannan jinsin ne kaɗai. Waɗanda suka fito tsaf kada ka yarda da su tukuna: ka ajiye ƙwayar kowane daban, ka sake shuka iyali-iyali a zuriya ta uku. A cikin masu juriyar, kashi ɗaya cikin uku ne za su tsaya ba rarrabuwa, biyu za su sake rabuwa. In ka ga wani iyali ya kamu gaba ɗaya, uwarsu kuɓuta ta yi a gwajin farko, ka gyara ƙirgarka.